Masu Riƙe da Ƙofar Jami'a: Yadda Za A Ƙarfafa Gwiwar Ma'aikatan Ofishin Ɗaukar Ɗalibai

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna ilimi na Ƙungiyar Ɗalibai



Gabatarwa

Kafin mu ce komai, wajibi ne mu miƙa godiyarmu ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai saboda damar da suka ba mu ta tsayawa a gaban wannan taro mai albarka. Batun da aka ɗora mana shi ne hanyoyin da shugabanni za su bi su ƙarfafa gwiwar ma'aikatan da ke ƙarƙashinsu a ofishin ɗaukar ɗalibai. Mun sani sarai wani zai ce, ina ruwan ɗalibi, wanda ko albashin wata ɗaya bai taɓa karɓa ba, da koya wa manya yadda ake riƙon ma'aikata? To, ba mu musa ba, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sai dai kuma akwai abin da mai tsayuwa a layi cikin rana yake gani, wanda mai zama a ofishin saman bene ba ya gani, kuma babu ɗalibi ko ɗaya a zauren nan da bai yi wannan tsayuwa ba. Daɗin daɗawa, nan da shekara biyar ko goma da yawa daga cikinmu su ne za su riƙe ragamar ofisoshin gwamnati, wasu daga cikin baƙinmu ma sun riga sun fara. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Maganar da muke so mu tsayar guda ɗaya ce tak. Ma'aikaci yakan zage damtse ne idan ya tabbata cewa aikin da ya yi bisa gaskiya zai tsaya yadda ya yi shi, kuma shugabansa zai tsaya tare da shi ranar da aka taso masa. Duk sauran abin da za mu faɗa rassa ne na wannan tushe.

Nauyin da ke kan wannan ofishi

Bari mu fara da sanin aikin kansa, domin ba a yaba ɗan dako sai an ɗaga kayansa an ji. Kafin shekarar 1978 kowace jami'a ita ke karɓar takardun masu nema, ta zaɓi waɗanda take so. Sai ka tarar ɗalibi ɗaya ya sami gurbi a jami'a uku, ya tafi ɗaya, sauran guraben biyu su tafi a banza, alhali ga wasu can a gida ba su sami ko ɗaya ba. Don a magance wannan ne gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa hukumar shirya jarrabawar shiga jami'o'i, watau JAMB, a 1978. A wancan lokaci jami'o'in ƙasar nan 13 ne kacal. Yau sun haura 270, kuma a 2025 waɗanda suka zauna jarrabawar shiga sun kusa kai miliyan biyu.

Amma duk da kafa JAMB, jami'a ce ke zaɓen ɗalibanta, ita hukumar amincewa take yi. Tun daga 2017 aka fito da wani tsari na kwamfuta mai suna CAPS, wanda ta cikinsa ne jami'a take miƙa sunayen waɗanda ta zaɓa, hukuma ta duba ta amince, sa'an nan ɗalibi ya shiga ya karɓi gurbin ko ya ƙi. Kafin suna ya kai ga wannan matsayi kuwa, sai ya bi ta hannun ma'aikatan da muke magana a kansu. Su ne za su duba ko ɗalibi yana da kiredit biyar ɗin da ake bukata, har da Ingilishi, kuma ko darussan da ya rubuta sun dace da fannin da yake nema. Su ne za su haɗa makinsa na JAMB da na tantancewar jami'a. Su ne za su kiyaye ƙa'idar rabon gurabe ta jami'o'in tarayya, watau kashi 45 cikin ɗari don cancanta, kashi 35 don jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 don jihohin da aka bari baya a ilimin zamani, waɗanda akasarinsu na Arewa ne. Har ila yau ga adadin da hukumomi suka ƙayyade wa fannoni irin su aikin likita da aikin lauya, wanda idan jami'a ta ƙetare shi sai ta gamu da hukunci.

Duk wannan aiki ana yin sa ne cikin 'yan makwanni, a kan dubban takardu, iyaye na tsaye a bakin taga, waya na ta kuka. Kuskure kaɗan kuwa a nan ba kaɗan ba ne. Harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin sunan da ke jikin sakamakon WAEC ko NECO da wanda ke jikin lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda aka wajabta wa masu rubuta jarrabawa tun 2021, ya isa ya sa yaro ya zauna gida shekara guda. A 2021 ɗin ne kuma JAMB ta bayyana cewa tsakanin 2017 da 2020 manyan makarantun ƙasar nan sun ɗauki ɗalibai fiye da 700,000 ba ta hanyar CAPS ba. Wanda aka ɗauka ta bayan gida irin haka yana iya kammala karatunsa sarai, sai ya zo tafiya yi wa ƙasa hidima a ce babu sunansa a kundi. Ashe ke nan wannan ɗan ofishi, da ba safai ake tunawa da shi ba, rayuwar mutane ce ke bi ta kan teburinsa.

Abin da muka gani da idonmu

A shekarar da muka shigo, akwai wani daga cikinmu, ɗan manomi ne daga wani ƙauye mai nisa, wanda ranar haihuwarsa ta saɓa a takardu biyu. Ya yi kwana uku yana kwana a masallacin tasha yana dawowa, guzurinsa ya kusa ƙarewa. A rana ta uku da la'asar, an tashi aiki ana rufe tagogi, sai wani dattijon akawu ya hango shi a gindin bishiya, ya yafuto shi ya ce, "Yaro, tun shekaranjiya nake ganinka a nan, me ya same ka?" Ya ce, "Baba, takarduna ne aka ce sun saɓa." Dattijon nan ya sake buɗe ofis, ya kunna intanet ɗin wayarsa domin na ofis ya yanke, ya rubuta masa takardar da zai kai da wurin da zai kai ta, ya kuma ajiye fayil ɗinsa a gefe don kada a rufe da shi. Yau wannan ɗan'uwa namu yana aji uku. Ranar da aka rantsar da mu, an yi jawabai masu tsawo, an gode wa manya ɗaya bayan ɗaya, ba a ambaci ofishin da dattijon yake ba ko da sau ɗaya.

Da muke shirin wannan jawabi mun koma mun zauna da wasu ƙananan ma'aikata na irin wannan ofishi, muka tambaye su abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Mun zaci za su fara da albashi. Lalle sun ambace shi, amma ba a nan muryarsu ta fi ɗaci ba. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne alfarma. Mutum ya kwana uku yana jera sunaye bisa maki, idonsa ya yi ja, sai ga 'yar guntuwar takarda daga sama, ko kiran waya daga wani mai ƙumbar susa, a ce a nemo wa ɗan wane wuri. Gurbi kuwa ba ya faɗowa daga sama. Duk wanda aka cusa, akwai wanda aka ture. Ma'aikacin ya san sunan wanda aka ture, wataƙila ma ya ga fuskar mahaifinsa a bakin taga. In ya yi magana a ce ya cika taurin kai, in ya yi shiru zuciyarsa ta dame shi. Idan kuma asiri ya tonu, wanda ya aiko da takardar ba ya nan, wanda ya ba da umurni da baki ya ce bai san zancen ba, sai a kama wanda lambarsa ta sirri ce ta buɗe kwamfuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, jama'a, mutumin da aka yi wa haka sau ɗaya, sau biyu, sau uku, me ake tsammani daga gare shi? Ɗayan biyu ne. Ko dai ya saki jiki, ya zo ƙarfe goma ya tashi ƙarfe biyu, kowa ya zo ya ce masa "dawo gobe", ko kuwa ya ce tun da manya na ci bari shi ma ya buɗe tasa 'yar kasuwar, ya fara karɓar na goro. Mu ɗalibai mukan zage shi mu ce malalaci ne ko maciyin hanci. Ba mu wanke shi ba, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuɗi da tsoro

Tarihin aikin gwamnati a ƙasar nan ya riga ya gwada mana hanyoyi biyu da aka fi saurin kamawa idan ana son ma'aikata su tashi tsaye, watau kuɗi da tsoro.

An gwada kuɗi a zamanin Janar Yakubu Gowon. Kwamitin da Cif Jerome Udoji ya shugabanta, wanda aka kafa a 1972 ya kuma miƙa rahotonsa a 1974, ya kawo shawarwari masu yawa game da horar da ma'aikata da auna aiki bisa abin da aka cim ma. Amma abin da aka fi rungumar hannu biyu shi ne ƙarin albashi, wanda aka biya a farkon 1975 haɗe da ariyas na watanni. Iyayenmu har gobe suna ba da labarin rediyo da babur da aka saya da kuɗin Udoji. Sai dai a wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kasuwa ta lashe ƙarin, gyaran aikin da rahoton ya nema kuwa akasarinsa ya tsaya a takarda.

An gwada tsoro a zamanin Janar Murtala Muhammad, wanda ya hau mulki a watan Yuli na 1975. An sallami ma'aikata fiye da 10,000 nan take, bisa zargin cin hanci ko lalaci ko tsufa. Ba shakka mutane sun riƙa sammako zuwa ofis, kuma jama'a da yawa sun yi murna. Amma masana harkar mulki da dama suna ganin cewa tun daga lokacin ma'aikaci ya daina amincewa cewa kujerarsa za ta kai shi fansho, wasu suka koma tara abin da za su tara tun da sauran dama. Tsoro yana iya kawo mutum ofis ƙarfe takwas, amma ba shi ne ya sa dattijon nan ya sake buɗe ƙofa bayan la'asar ba.

Wani masani ɗan Amurka mai suna Frederick Herzberg ya yi bayanin da ya dace da wannan. A binciken da shi da abokan aikinsa suka buga a 1959, sun tambayi injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin birnin Pittsburgh su faɗi lokacin da suka fi jin daɗin aikinsu da lokacin da suka fi ƙin sa. Sai aka ga abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai daban, waɗanda ke sa shi himma daban. Ƙarancin albashi da mugun wurin aiki da dokokin ofis marasa kan gado suna sa ƙorafi, gyara su kuwa yana kashe ƙorafin ne kurum. Himma tana fitowa ne daga cim ma wani abu, da yabo, da ɗora wa mutum amana, da samun ci gaba.

Kada wani shugaba ya ji wannan ya ce ashe kuɗi ba kome ba ne. Herzberg bai yi bincikensa a kan mutanen da ake bin su bashin haya ba. A 2022 ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a waɗanda ba malamai ba, SSANU da NASU, sun yi yajin aiki na watanni, aka riƙe musu albashin wata huɗu, har sai da suka sake shiga wani yajin a 2024 a kan kuɗin. A 2024 ɗin ne aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, bayan janye tallafin man fetur a 2023 ya riga ya ninka kuɗin mota da na abinci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Albashi shi ne harsashin gini. Abin da muke cewa shi ne ba a kwana a cikin harsashi.

Abin da ke hannun shugaba

Mun san magatakardan jami'a ko jami'in ɗaukar ɗalibai ba shi ke yanka albashi ba, daga Abuja ko gidan gwamnatin jiha ake yankowa. Saboda haka shawarwarinmu za su tsaya a kan abin da ke cikin ikonsa, wanda yawancinsa ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Na farko, ya biya ƙaramin haƙƙi a kan kari, ya kuma ba da kayan aiki. Idan ma'aikata sun yi aikin Asabar da Lahadi a lokacin tantancewa, kuɗin ƙarin lokacinsu ya fito kafin gumi ya bushe, kada a bari sai zangon karatu ya ƙare. Abin kunya ne a ce akawu yana saya wa jami'a data daga aljihunsa, ko yana yawon aron takarda da tawadar buga takardu daga wani sashe. Haka kuma bayan guguwar aikin ta wuce, a ba su hutunsu bi da bi. Shugaban da ba zai iya kawo ƙarin albashi ba yana iya hawa bene sau goma har sai an sa hannu a takardar alawus ɗin yaransa, su kuwa suna gani.

Na biyu, kuma shi ne mafi girma, ya zama garkuwa. Duk wata takardar alfarma ta tsaya a teburinsa, kada ta gangara zuwa ga ƙaramin ma'aikaci. Ya kafa doka cewa duk umurnin da zai taɓa jerin sunaye sai a rubuce, da sa hannun mai ba da shi. Wannan kaɗai zai kore rabin masu neman alfarma, domin mai son a yi masa ba daidai ba ba ya son ya bar sawu. A liƙa ƙa'idoji da makin da aka tsaya a kai na kowane fanni inda kowa zai gani, ta yadda akawu zai iya nuna wa mai matsa masa allo ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da aka rubuta, ba ni da ikon taɓa shi." Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da ma'aikata suka ga shugabansu ya mai da takardar wani babba, har ya sha faɗa saboda haka bai janye ba, ranar ce za su gaskata cewa kwanan da suke yi a kan fayil yana da amfani. Mun sani wannan ba abu ne mai sauƙi ba, domin shi ma shugaban yana da na sama da shi, yana da dangi da surukai da 'yan garinsu. Amma ai saboda irin wannan rana ce aka ba shi babbar kujera da babban albashi.

Na uku, ya amince da su. Wasu masana tattalin arziki biyu, Imran Rasul da Daniel Rogger, sun bi diddigin ayyukan gwamnatin tarayyar Nijeriya wajen 4,700 a hukumomi 63, suka buga sakamakon a 2018. Sun tarar kashi 38 cikin ɗari na ayyukan ko fara su ba a yi ba. Abin da ya fi jan hankali kuwa shi ne, a hukumomin da ake sakar wa ma'aikata mara su yanke shawara a kan aikinsu an fi kammala ayyuka, a inda aka fi tsananta sa ido da alkawarin lada ko horo kuwa kammalawar ta fi ƙaranci. Darasin da ke ciki ga ofishin ɗaukar ɗalibai a fili yake. Akawun da ya shekara goma sha biyar yana duba sakamakon jarrabawa bai kamata a ce sai ya jira sa hannu uku kafin ya gyara harafin suna ba. A fayyace masa iyakar ikonsa, a bar shi ya yi aiki a cikinta, a riƙa duba littafinsa lokaci lokaci. Kafin a fara aikin kowace shekara kuma a tara su a tambaye su inda aka sami cikas bara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na huɗu, ya ɗauki laifi, ya raba yabo. A watan Mayu na 2025, bayan da ƙorafi ya yi yawa a kan sakamakon jarrabawar shiga jami'a, magatakardan JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, wadda ta shafi ɗalibai 379,997. Ya nemi gafara har da hawaye, ya ce nauyin yana wuyansa, aka kuma sake wa waɗanda abin ya shafa jarrabawa. Mutane sun saɓa a kan ko hakan ya wadatar, kuma wahalar da yaran suka sha ba ta goguwa. Abin da muke nunawa shi ne irin saƙon da wannan ke aika wa na ƙasa. Inda shugaba ke amsa kuskure, ƙaramin ma'aikaci ba ya tsoron kawo nasa kuskuren tun yana ɗanye a gyara. Inda kuwa kowane kuskure takardar tuhuma ce ke bin sa, sai a koyi ɓoyewa, ɗalibi ya gano ɓarnar bayan shekara huɗu. Ta ɓangaren yabo kuma, yabon gwani ya zama dole, amma a yi shi da suna da dalili, a gaban jama'a, a kuma sa takardar yabon a fayil ɗin mutum inda za ta yi masa rana lokacin ƙarin girma. Faɗa kuwa a yi shi a ɗaki, ƙofa a rufe. Bahaushe yana iya haƙuri da yunwa, amma ba ya manta wanda ya ci mutuncinsa a gaban yaran da ya haifa.

Na biyar, ya nuna musu amfanin guminsu. Wani masani mai suna Adam Grant da abokansa sun buga wani bincike a 2007 a kan masu buga waya suna nema wa wata jami'ar gwamnati a Amurka gudummawa daga tsofaffin ɗalibanta, aiki mai gundura wanda ake yawan kashe wa mutum waya a kunne. Sai aka kawo wa wasu daga cikinsu ɗalibi guda da ke karatu da irin kuɗin da suke tarawa, ya zauna da su na 'yan mintoci ya faɗa musu yadda tallafin ya canza rayuwarsa. Bayan wata guda, lokacin da waɗannan suke yi a kan waya ya ƙaru da kashi 142 cikin ɗari, kuɗin da suke tarawa ya ƙaru da kashi 171, waɗanda ba su gana da ɗalibin ba kuwa suna nan yadda suke. Ba a ƙara musu ko sisin kwabo ba. Ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai yana ganinmu ne a rana mafi muni, muna gumi muna fushi, daga nan ba ya sake jin ɗuriyarmu. Me zai hana a ba su kujeru a gaba ranar rantsar da sababbin ɗalibai da ranar yaye su, a ambaci ofishinsu? Me zai hana a kawo musu likita ko injiniyan da fayil ɗinsa ya bi ta hannunsu shekara bakwai da suka wuce, ya gaishe su?

Na shida, ya buɗe musu hanyar gaba. Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 akwai makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a 1954, domin magabata sun gane cewa aikin ofis sana'a ce da ake koyo. Yau aikin ya koma kan kwamfuta, amma sau da yawa idan kwas ya taso manya ne ke tafiya, su karɓi kuɗin guzuri, wanda zai zauna gaban na'urar kuwa a bar shi ya koya da ka. A tura mai yin aikin. A kuma taimaka wa mai son ƙaro karatu, domin babu abin takaici kamar mutum ya shekara ashirin yana buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofar ilimi, shi tasa tana rufe. Ƙarin girma ya zo a kan lokacinsa, bisa ma'aunin da kowa ya sani, ba bisa wanda ya fi iya gaisuwa ba.

Namu kason

Ba zai yi kyau mu nuna wa shugabanni yatsa mu manta da sauran yatsun da ke kallonmu ba. Takardar alfarmar nan da muke kuka da ita, wa ke nemo ta? Mu ne da iyayenmu. Da yawa daga cikinmu, in ƙanenmu bai kai maki ba, ba ma ce masa ya koma ya sake shiri, sai mu bazama neman wanda ya san wani. Muna zagin alfarma idan an yi wa wani, muna kiranta taimako idan an yi mana. Haka nan sau nawa muka tsaya a bakin taga muka ɗaga wa sa'an mahaifinmu murya, ba ko sallama? Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan bai tsaya a kan mai masauki kaɗai ba.

Saboda haka muna ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara uku. Ta tura 'yan sa kai a lokacin rajista su tsara layi, su duba wa sababbin ɗalibai takardunsu tun kafin su kai taga, don a rage wa ma'aikata nauyi. Ta ware rana ɗaya a cikin makon ɗalibai ta karrama ƙananan ma'aikatan da ɗalibai da kansu suka shaida kirkinsu, tun daga akawu har masinja. Sa'an nan duk lokacin da aka matsa wa wani ma'aikaci saboda ya ƙi karkata jerin sunaye, ƙungiya ta ɗauki maganarsa tamkar ta ɗalibi, domin gurbin ƙannenmu yake karewa.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, mun ga cewa an gwada kuɗi shi kaɗai a 1975 kasuwa ta cinye, an gwada tsoro shi kaɗai ya bar tabo. Abin da ya rage shi ne shugaba ya biya haƙƙi, ya tare wa na ƙasa da shi iska, ya ba su amana, ya bar su su ga abin da hannunsu ya shuka. Ga 'yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati, da mu da ke tafe, wata rana za a turo mana 'yar guntuwar takarda, akawunmu yana tsaye yana kallon abin da za mu yi da ita. Abin da muka yi a wannan rana shi zai koya masa yadda zai yi aiki shekara ashirin masu zuwa, fiye da duk wata lacca da za mu yi masa.

Shi kuwa dattijon da ya sake buɗe ƙofa bayan la'asar, mun je nemansa don mu gayyato shi wannan taro, aka ce mana ya yi ritaya bara ya koma garinsu. Ɗan'uwanmu da ya taimaka wa yana zaune a cikinku, kuma ya roƙe mu mu isar da godiyarsa ga abokan aikin Baba da suka halarta, ko Allah zai sa wani ya kai masa.

 In mun yi daidai, to, madalla. In mun yi kuskure, muna roƙon malamanmu da iyayenmu su gyara mana, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.